Fanka ba firji ba ce

Duk wanda ya sayi ƙaramin injin yanka da hasken lesa irin K40, wanda ake ƙerawa a China, ya san abin da ke zuwa a cikin kwalinsa: ɗan famfon tura ruwa irin na tankin kifi, da tiyo biyu. Bokitin ma kai za ka nemo. Wannan ƙarancin tanadi shi ya koya wa mutane raina ruwan, kamar wani ƙari ne da aka laƙaba wa injin. Ni kuwa ina ganin yawancin bututan da ake zargi da rashin inganci masu su ne suka dafa su.

Bututun gilashin da ke haifar da hasken cike yake da iskar gas mai ɗauke da CO2, ana kuma ratsa ta da wutar dubban bolt. Ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na wannan wuta ke fitowa a matsayin haske, saura duk zafi ne, kuma rigar ruwan da ke kewaye da bututun ce kaɗai ke kwashe shi. Ana so ruwan ya tsaya kusa da digiri 20, kada ya haura 25. Idan ya haura, yankan yana raunana, mai injin ya ƙara wuta don ya rama, ƙarin wutar ya ƙara zafi, bututun ya tsufa tun kwanansa bai kai ba.

A yi lissafi. Lita 20 ta ruwa na buƙatar kimanin kilojul 84 kafin ta hau digiri ɗaya. Idan bututun yana zubar da zafin wat 200, minti bakwai ke nan. Awa guda ta yanka ba tsayawa ta isa ta ɗaga bokitin da digiri takwas.

A nan ne masu talla ke shigowa da akwatin CW-3000, suna kiransa na'urar sanyaya ruwa. Lagireto ne da fanka, babu kwamfuresa a cikinsa. Iyakar ƙoƙarinsa ya kusantar da ruwan ga zafin iskar ɗaki, ba zai taɓa sauka ƙasa da ita ba. A garejin da ke Jamus cikin hunturu wannan ya wadatar. A shagon kwano a Kano ko Maraɗi cikin Afrilu, inda iska kan kai digiri 40, ruwan ɗumi kawai zai riƙa zagayawa da shi. CW-5000 da CW-5200 su ne masu kwamfuresa. Za a ce sun yi tsada, gaskiya ne. To wanda bai da halinsu ya daskarar da gorunan roba a firji ya riƙa jefawa cikin bokiti a rufe, ma'aunin zafi na gefensa; wannan ya fi akwatin fanka amfani nesa ba kusa ba. Sai dai kada a zarce: in ruwan ya yi sanyi har raɓa ta keto a jikin gilashi, an kawo danshi kusa da wuta mai kisa.

Sai batun irin ruwan. Na famfo da na rijiyar burtsatse suna ɗauke da ma'adinai masu barin farin ɓawo irin na cikin butar shayi, suna kuma ba lantarki hanyar bi. Ruwan leda ma ba tatacce ba ne. Wanda aka tace ta hanyar tururi ake so, kuma mai nemansa a shagon batir ya tabbatar ba mai asid aka miƙo masa ba. A rufe bokitin daga haske don hana gansakuka, a sauya ruwan da zarar ya fara dusashewa, a karkata injin kaɗan har kumfar da ta maƙale a bututun ta fice, domin inda kumfa ta zauna gilashi ba ya samun sanyi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rashin makunnin gudun ruwa, ɗan ƙaramin abu mai araha da ke katse hasken da zarar ruwa ya tsaya. K40 da yawa suna zuwa ba shi. Tiyo ya lanƙwashe, ko famfo ya toshe, ko a manta ba a kunna shi ba, injin kuwa zai ci gaba da harba haske har gilashin ya tsage. A ɗaura makunnin a kan tiyon da ke dawo da ruwa bokiti, don ya shaida cewa ruwan ya ratsa bututun da gaske, a kuma gwada shi ta hanyar matse tiyon da yatsa kafin a fara aikin yini.