Wutar Akosombo da Kifin da Ba a Ƙirgawa

Duk ranar da dumsor ya jefa Aboabo da Asawase cikin duhu, kowa sai ya tuna da Akosombo. Amma wa ke tambayar abin da ke samun kifin da ruwa ke ja zuwa cikin injinan nan shida? Ana ce mana wutar dam tsabtatacciya ce tunda ba ta hayaƙi. Wanda ya faɗi haka bai leƙa ƙarƙashin ruwa ba.

Jama'a, yawancin kifaye suna da jakar iska a ciki, da ita suke daidaita hawa da sauka. A zurfin mita 10, matsin da ke kan kifi ya ninka na saman ruwa. Da ya wuce farfelar inji, sai matsin ya faɗi cikin ƙiftawar ido, iskar ta kumbura, jakar ta fashe. Wani idonsa ya bulluƙo, wani tumbinsa ya leƙo ta baki, alhali ƙarfe bai taɓa shi ba. Karfasa tana cikin masu shan wuya, domin jakarta a rufe take, ba ta iya amayar da iskar nan take.

Masu kare dam za su ce ai tun da aka kammala Akosombo a 1965 tafkin Volta ke ciyar da mu, kuma busasshen kifin Yeji da iyayenmu mata ke sayarwa a Kumasi daga can yake. Gaskiya ne. To masuntan da ke ƙasan dam fa? Kifin da ya tsira daga Akosombo, injinan Kpong na 1982 suna jiransa a gaba.

Kada a ce babu magani. A Amurka, a madatsar Ice Harbor, an girka sabon inji a 2019 wanda aka ƙera musamman don rage wa kifi rauni.

Ba mu ce a kashe wuta ba. Muna kira ga hukumar VRA da mahukuntan dam ɗin Bui su riƙa bayyana adadin kifin da ke mutuwa a injinansu, kamar yadda suke sanar da tsayin ruwa. Kuma kafin a gina na Pwalugu, a zaunar da masunta, a nuna musu irin injin da za a saka. 'Yan majalisarmu na Zongo, wannan tambayar ku za ku kai ta Accra.