Hanyar mota ce kasuwarmu, a gyara mana ita

Duk wanda ya taɓa zuwa tasha da asuba, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ya san yadda ƙasar nan take tafiya. Tun kafin kiran salla ƴan dako suna ɗora buhuna, ana auna kaya, hajiyoyi suna ƙirga ƙunshinsu, direba yana duba taya. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, wuni guda cur cikin mota. Jirgin sama yana cinye wannan tafiya cikin wajen awa 2. Duk da haka, ka tambayi ƴan kasuwa da dama, za su ce maka su dai a bar su da mota. Mu ma a nan muke, kuma za mu faɗi dalili.

Na farko, kaya. Ɗan kasuwa ba ya tafiya da jaka ɗaya. Jirgin sama yakan ba fasinja kilo 20 ko ɗan sama da haka, abin da ya ƙaru sai an biya da tsada. To, matar da ta saro atamfa bandir goma, ko kwanuka, ko takalman yara na salla, ina za ta kai su? A mota kayanta suna ƙarƙashinta, tana gani aka ɗora, tana gani za a sauke. Kuɗin tikitin jirgi na tafiya ɗaya kuwa, ga mata da yawa shi ne jarin gaba ɗaya.

Na biyu, hanyar kanta kasuwa ce. Wanda ya taso daga Yamai zai bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, Malbaza, Galmi, Madawa, Gidan Rumji, Maraɗi, Agye, Tasawa, Takeita inda ake karkatawa zuwa Matamai da Kano, sannan Damagaram. A Galmi zai ji kuɗin buhun albasa da kunnensa. A Ƙonni zai ji yadda naira ta kwana da sefa. A Tasawa zai ga ko gero da wake sun tashi ko sun faɗi. Zai gaisa da mai gidansa na fatauci, ya karɓi bashi, ya bar sautu. Wanda ya bi ta sama ya sauka bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kuma kowace mota da ta tsaya, masu tuwo, masu kilishi, masu fura da nono, masu facin taya, duk sun samu na cefane. Garuruwa nawa ne kwaltar nan take ciyarwa?

Na uku, jirgin ƙasa. Maganarsa ta daɗe a kunnenmu. Tun 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa tsakanin Nijar da Dahomai, wadda daga baya aka sani da OCBN, amma dogon da ya taso daga Kwatano a Paraku ya tsaya, kilomita 438, daga nan sai a juye kaya cikin manyan motoci zuwa Gaya. A 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo na wajen kilomita 140 zuwa Doso, aka yi bikinsa a farkon 2016, amma bai zama hanyar da ƴan kasuwa ke ɗora kaya ba. A 2021 Najeriya ta aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Katsina da Jibiya. Muna maraba da shi, domin jirgin ƙasa yana ɗaukar siminti da taki da hatsi da sauƙin kuɗi fiye da mota. Sai dai ko ranar da ya iso Maraɗi, mota ce za ta kai kayan Dakoro da Mayahi da Magarya da kasuwannin ƙauye. Ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1.267.000, wadda ba ta da teku, ba za ta rabu da taya ba.

To, tunda haka ne, wajibi mu faɗi gaskiyar abin da hanyar nan take ci mana. Tana cin rayuka. Babu unguwar da ba a taɓa zaman makoki ba saboda hatsarin mota, kuma dalilan sanannu ne: gudu, direban da ya yi wuni da kwana bisa sitiyari ba mai canjinsa, tayar da ta suɗe, ramuka, tafiyar dare, dabbobi da amalanken da ba su da fitila. Tana cin dukiya kuma: tumatir da albasa suna ruɓewa idan mota ta kwana biyu a daji, ga shingaye inda ake miƙa hannu ba takarda. Ga kuma matsalar tsaro da ta sa wasu hanyoyi sai da fargaba ake binsu. Mun kuma ga yadda rufe iyaka yake karya ɗan kasuwa: Najeriya ta rufe tata daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, sannan takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya tsayar da motoci a Gaya da Ƙonni da Ɗan Isa, farashin shinkafa ya hau, kowace uwar gida ta ji a tukunyarta.

Saboda haka muna kira ga hukumomi. Kuɗin hanya da ake karɓa a kowane shinge, a bayyana wa jama'a nawa aka tara, wace hanya aka gyara da su. A riƙa toshe rami tun yana ƙarami, kafin damina ta maida shi kwari. Akwai doka mai lamba 14 ta ƙungiyar UEMOA, ta shekarar 2005, wadda ta ƙayyade nauyin da babbar mota za ta ɗauka. A yi aiki da ita ga kowa, babba da yaro, domin lodin da ya wuce kima shi ne yake farfasa kwalta kafin lokacinta. Jandarma da ɗan sanda da ɗan duwan su duba takardu da lafiyar mota, wanda ya cika ƙa'ida a sake shi ya wuce, wanda aka ci tara a ba shi takardar shaida.

Ga masu kamfanonin sufuri, doguwar tafiya tana son direba biyu, da birki mai kyau, da tsayawa lokacin salla da cin abinci. Mata masu goyo da tsofaffi suna buƙatar wurin tsayawa mai ruwa da makewayi. Wannan haƙƙin fasinja ne, tunda ya biya kuɗinsa.

Mu ma ƴan kasuwa da fasinjoji muna da namu. Mu ne muke roƙon a ƙara buhu ɗaya bayan mota ta cika. Mu ne muke yi wa direba kirari idan ya wuce ƴan uwansa, muna cewa mota kaza ta fi sauri, mu rinƙa tururuwa gare ta. Sauri ya haifi nawa. Idan direba yana gudun da ya wuce hankali, ko yana waya, ko yana gyangyaɗi, a yi magana gaba ɗaya, kada a bar mutum guda ya zama mai baƙin jini. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu sana'a su rubuta kokensu, su kai wa gwamna da magajin gari, kamar yadda suke yi idan an ƙara haraji.

Wanda yake da hali da gaggawa, jirgin sama yana nan, Allah ya ƙara buɗi. Sauran jama'a, da jarinsu da abincin ƴaƴansu, bisa kwalta suke. A kula da ita kamar yadda ake kula da rumfar kasuwa.

Allah ya kiyaye hanya, ya sauki kowa lafiya, ya sa albarka a neman halal. Amin.