Mushen Tsuntsu Ba Tsintuwa Ba Ce

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta mana daɗaɗa ya haramta mana ƙazanta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, wannan mako za mu amsa wasiƙar wani bawan Allah, manomin rani a fadamar Haɗeja. Ya ce wata safiya 'ya'yansa suka tsinci dinya a gefen gona ta mutu, jikinta da sauran ɗumi, ba rauni ba wari, kuma ƙosasshiya. Yaran suka so su fige ta, shi kuwa ya hana. Sai wani maƙwabcinsa ya ce masa ai ya yi wa kansa asara, zama tsintuwa ce Allah ya kawo masa har gona. Wani kuma ya ce a'a, jifa aka yi masa, ya tashi ya nemi makari. Shi ne ya ke tambaya, mene ne hukuncin wannan tsuntsu, kuma me ya kamata mutum ya yi da shi?

To, Allah ya yi maka albarka da ka hana. Maƙwabtan naka duka biyu sun kuskure, kuma za mu bi maganarsu ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da mai cewa tsintuwa ce. Tsintuwa a Shari'a dukiya ce mai daraja wadda ta ɓace wa mai ita, a cigita, a tsare ta. Shi kuwa tsuntsun da ya mutu ba tare da yanka ko farauta ta Shari'a ba, sunansa mushe, kuma mushe ba dukiya ba ne. Allah Maɗaukakin Sarki ya haramta shi a aya ta 3 ta Suratul Ma'ida, inda ya jera shi tare da dabbar da aka shaƙe, da wadda aka buge, da wadda ta faɗo daga bisa, da wadda aka tunkuye, da wadda naman daji ya ci, sai fa wadda aka riska da rai aka yanka. Mazhabarmu ta Malikiyya ta yalwata ƙwarai a kan tsuntsaye, har ta halatta cinsu duka, da mai cin tsaba da mai farce. Saboda haka dinya halal ce, kurciya da hasbiya da fakara da zabon daji duk halal ne. Abin da ya haramta wannan dinya shi ne yadda ta mutu. Ɗumin jiki ba ya mai da mushe yankakke, sa wuƙa a wuyansa bayan rai ya fita kuwa wasa da hukuncin Allah ne. Abin da Shari'a ta togace daga mushe kifi ne da sauran dabbobin ruwa, dinya da kirinjijiya kuwa dabbobin tudu ne ko da sun yini a tafki.

Yadda cinsa ya haramta, haka sayar da shi da cin kuɗinsa, domin hadisi ya inganta a kan hana cinikin mushe. Wanda ya fige shi ya gasa ya kai tasha ko kasuwa ya sayar wa matafiya, ya haɗa laifi biyu, cin haram da ha'intar Musulmi. Kada kuma wani ya fake da larura. Larurar da ke halatta mushe ita ce mutum ya ji tsoron halaka don yunwa bai sami wani abinci ba. Marmarin nama ba larura ba ne, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala.

Akwai mas'alar maharba, wadda ta ke da dangantaka da wannan. Wanda ya harbi tsuntsu da kibiya, ya yi niyya ya ambaci sunan Allah, kibiyar ta huda shi, ya bi shi ba da sakaci ba ya tarar ya mutu, wannan halal ne. Haka kuma harsashin bindiga a wurin malamanmu na baya, irin su Shaihu Abdulƙadir al-Fasi, saboda ya kan huda ya zubar da jini. Amma wanda yaro ya buge da danƙo ko majaujawa, ko wanda ya mutu a cikin tarko ko asuta, mushe ne, sai in an same shi da rai an yanka. In kuma abin harbi ya ɓace wa maharbi har ya kwana, mashhurin mazhaba shi ne kada a ci. To, ina ga wanda ba ka san wanda ya harbe shi ba, ba ka ma san ko an harbe shi ba? Asali ga nama haramci ne har a tabbatar da yanka.

Game da tsarki kuwa, tsuntsu yana da jini mai gudana, don haka mushensa najasa ne, da naman da ƙashin da baki da farce. Muhtasar na Shaihu Halilu ya rarrabe a kan gashi: lallausan gefen gashin mai tsarki ne in an yanke shi da almakashi, amma sandar da ke tsakiyarsa najasa ce. Ƙwan da ya fito daga cikinsa bayan mutuwa shi ma najasa ne. Taɓa mushe ba ya karya alwala, sai dai in danshinsa ya shafi jiki ko tufa, to a wanke wurin kafin salla. In kuwa a rijiya aka same shi, sai a duba ruwan. Idan launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita, ba a tsarki da shi ba a sha, sai an yashe har jirkitar ta gushe. Idan bai jirkita ba, ruwan yana nan da tsarkinsa, amma an so a kwashe gwargwadon girman mushen da yawan ruwan in a ciki ya mutu.

Yanzu sai mai cewa jifa ne. Wannan camfi ya yi yawa a cikinmu. Mutum ya ga mushen hankaka ko mujiya a ƙofar gidansa, sai cikinsa ya ɗuri ruwa, ya fara zargin kishiyar uwa ko abokin kasuwa, ya kwashi kuɗi ya kai wa boka. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kore camfi da tsuntsaye, ya kuma kore abin da Larabawan Jahiliyya ke ƙudurtawa game da mujiya. Tsuntsu halitta ce mai ajali kamar ni da kai. Ya kan mutu don tsufa, ko ƙishirwa a bazara, ko ya bugi wayar lantarki, ko ya ci tsabar da aka zuba wa guba, ko cuta ta kama shi. Mummunan zato ga Musulmi a kan mushen tsuntsu zunubi ne tabbatacce da aka gina a kan abin da babu. Mafi muni kuma su ne masu yanke kan ungulu ko idon mujiya su kai kasuwar 'yan magani. Wannan cinikin najasa ne a kan hanyar tsafi.

Abin tsoro na gaskiya a jikin wannan dinya shi ne wanda maƙwabtan biyu ba su ambata ba, watau cuta. Akwai annobar da a ke kira murar tsuntsaye, wadda ƙwayar cutarta ke zaune a jikin tsuntsayen ruwa, su kan ɗauke ta daga ƙasa zuwa ƙasa. Fadamun Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi masauki ne na dubban tsuntsaye masu zuwa daga Turai da Asiya a lokacin hunturu. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da mugun nau'in wannan cuta a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, shi ne karo na farko da aka tabbatar da shi a nahiyar Afirka. Kafin watan ya ƙare an same ta a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. A watan Janairu na 2007 wata mace ta rasu da ita a Legas. Ta sake ɓarkewa a ƙasar nan a 2015, sa'an nan a 2021. A farkon 2021 ɗin kuma aka sami kwasakwasa wajen 750 sun mutu da ita a gandun tsuntsaye na Juj a ƙasar Senegal. Ƙwayar tana cikin kashin tsuntsu da majinarsa da jininsa da gashinsa, kuma mafi yawan mutanen da suka kamu da ita sun kamu ne ta hanyar taɓa marasa lafiyan tsuntsaye ko matattu, musamman wurin yanka da fiɗa da figa. Ka ga ashe yaron da ya zauna figar wannan dinya shi ne ya fi kowa shiga haɗari, sa'an nan kajin gidan, waɗanda su ne jarin matan aure da yawa a karkara.

A nan sai mu ja kunnen masu gaggawar sa wuƙa. Wani zai ga tsuntsun daji yana layi, wuya a murɗe, ya kasa tashi, sai ya yi maza ya yanka don kada ya zama mushe. Ko da yankan ya inganta ta fuskar fiƙihu, cin abin da a ke kyautata zaton zai cutar da jiki haramun ne ta wata ƙofa, domin ƙa'ida ce a Musulunci cewa ba a cutar da kai ba a cutar da wani. Annabi ya hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya, ya kuma hana shiga garin da annoba ta sauka. Wannan shi ne riƙo da sababi, kuma ba ya kore tawakkali.

To, me za a yi? Na farko, a kori yara da kaji da karnuka da kyanwoyi daga wurin, kuma kada a taɓa shi da hannu tsirara. A ɗauke shi da shebur ko fartanya, ko mutum ya sa hannunsa cikin leda ya kama shi, sa'an nan ya juyo ledar ta rufe shi ya ɗaure.

Na biyu, a haƙa rami mai zurfi, kamar kamu biyu, nesa da rijiya da rafi da akurkin kaji, a binne shi, a danne da duwatsu don kada kare ya tone. Kada a jefa shi a bola ko kwata ko kududdufi, kada kuma a miƙa wa kyanwa, zama ita ma ta kan kamu ta mutu. Ba a yi wa tsuntsu wanka ko likkafani ko salla, waɗannan haƙƙin ɗan Adam ne. Binne shi kawar da cuta ne daga hanyar jama'a, wanda Annabi ya ƙidaya a cikin sadaka da rassan imani. Abin lura ne kuma cewa ta hanyar tsuntsu Allah ya koya wa ɗan Adam binne gawa, a ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu biyu da hankakan da ya yi tono, kamar yadda ya zo a aya ta 31 ta wannan sura ta Ma'ida.

Na uku, a wanke hannu da sabulu sosai, a wanke shebur da takalmi, kada a shiga wurin kaji da tufafin da aka yi aikin da su. In wanda ya taɓa shi ya ji zazzaɓi ko tari ko idonsa ya yi ja a cikin kwana 10, ya tafi asibiti ya gaya musu abin da ya taɓa, kada ya ɓoye.

Na huɗu, kuma shi ne wanda a ka fi sakaci da shi, kai rahoto. Kurciya ɗaya a ƙarƙashin wayar lantarki, binnewa ta wadatar. Amma idan tsuntsun ruwa ne irin wannan dinya, ko shaho da ungulu masu cin mushe, ko aka ga tsuntsaye da yawa sun mutu wuri ɗaya, ko kajin gari suka fara zubewa, to kada a yi gaggawar binnewa. A tsare wurin, a sanar da mai unguwa ko dagaci da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, domin su ne za su ɗebi abin gwaji su aika Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke wannan aiki tun 1924. Na san abin da ke hana mutane magana, shi ne tsoron kada hukuma ta zo ta kashe musu kaji. Amma wanda ya ɓoye annoba don ya tsirar da kaji goma, ta yaɗu ta cinye na gari duka, ko ta taɓa ran wani yaro, da wace hujja zai tsaya gaban Allah? Hukuma ita ma wajibinta ne ta amsa kira da sauri, ta kuma biya diyya ga wanda aka kashe wa dabbobi don maslahar jama'a, domin talaka ya sami ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya. In an ga zobe mai lamba a ƙafar tsuntsun, wannan ba laya ba ce, masu nazarin ƙaurar tsuntsaye ne ke sa shi, sai a nuna wa ma'aikatan.

Ina roƙon limamai da malaman makarantun allo da na Islamiyya su karantar da wannan babi, musamman ga almajirai da yara makiyaya, zama su ne ke yawo a daji, su ne kuma yunwa ta fi saurin ruɗa. Kai kuma mai tambaya, ka kira 'ya'yan nan naka ka bayyana musu dalilin hanin da tattausan harshe, in da hali ka yanka musu wani abu na halal a madadinsa, don su tashi da sanin cewa wanda ya bar abu domin Allah ba ya taɓewa.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya tsare mu da iyalanmu da dabbobinmu daga annoba, ya ciyar da mu halal, ya nisanta mu daga haram. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahamatullahi.