Murhun Ƙadangare a Waje Yake

A garuruwan Ingila da Amurka akwai mutane da dama waɗanda ke kiwon ƙadangare cikin akwatin gilashi, kamar yadda wani ke kiwon aku ko tantabara. Wanda aka fi kiwo shi ne ƙadangare mai gemu, ɗan asalin busasshiyar ƙasar tsakiyar Ostiraliya. Akwai kuma tsaka mai dabbare-dabbare ta Pakistan da Afganistan, kana ga damo, wanda ake kamowa a Ghana da Togo da Benin a kai shi kantunan Turai. To, mai sauraro da ke zaune a London ko New York, wanda ɗansa ya matsa lalle sai an saya masa irin wannan dabba, ya kamata ya san wata cuta da ke yawan hallaka su a hannun masu su, watau tsayawar kashi.

Cutar nan hawa biyu ce. Na farko maƙarƙashiya, inda kashin ya bushe ya yi jinkirin fita. Na biyu toshewar hanji, inda yashi ko tsakuwa ko ɓawon ƙwari ya dunƙule ya tare hanya ɗungum. Ƙaramin ƙadangare mai gemu yakan yi kashi kusan kullum, babba kuwa yakan yi kwanaki, har mako guda. Idan aka wuce haka, ya ƙi abinci, cikinsa ya kumbura ya yi tauri, to, akwai magana. In abin ya yi nisa sai a ga yana jan ƙafafun baya, gama dunƙulen yana danne jijiyoyin da ke kusa da ƙashin baya.

Galibin masu kiwo yashin akwati suke ɗora wa laifi, su tashi neman maganin wankin ciki. Yashi yana da nasa laifi, amma ba shi ne tushe ba. Ai a daji ƙadangare bisa ƙasa yake kiwo, yakan haɗiyi ɗan rairayi tare da ƙwaro, ya kuma fitar da shi lafiya lau. Abin da ya rasa a cikin ɗaki shi ne rana.

Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa ya san jan-gwada bisa katanga da hantsi, yana shan rana kafin ya fita farauta. Ba lalaci ba ne. Jikin mutum yana hura wutarsa da kansa, yana tsare zafin digiri 37 dare da rana. Ƙadangare ba haka yake ba: tukunyarsa tana ciki, murhunsa yana waje. Idan jikinsa bai ɗumama ba, ruwan narkar da abinci ba ya aiki sosai, hanji kuma ba ya motsi, sai abinci ya kwanta ya sandare. Masana kiwonsa sun ce gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 38 zuwa 42 a ƙarƙashin fitila, ɗaya gefen kuwa 22 zuwa 26, domin ya riƙa kai da komo yadda jikinsa ke so. Ɗakin da mutum ke jin daɗinsa a Ingila bai cika wuce digiri 20 ba. Saboda haka ma'aunin zafi ya fi kowane magani amfani.

Har wa yau, a cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda ake kira UVB. Da shi fatar ƙadangare ke yin bitamin D3, da bitamin ɗin kuma jiki ke karɓar sinadarin kalsiyam daga abinci. In babu kalsiyam ƙashi ya yi laushi, naman hanji ya yi rauni, dabbar kuma ta shiga lasar ƙasa tana neman abin da ta rasa. Gilashin taga yana tare wannan haske, don haka sai an sa fitila ta musamman, a kuma canja ta cikin wata 6 zuwa 12, ko da tana ci.

Saura ruwa da abinci. Ƙadangare ba ya fitsari irin na akuya. Farin nan da ake gani a bakin kashinsa shi ne fitsarinsa, kuma ta ƙofa ɗaya suke fita. In ruwa ya yi ƙaranci a jiki sai farin ya daskare kamar alli ya toshe ƙofar. Game da fara da gyare kuwa, ƙa'idar masu kiwo ita ce kada ƙwaro ya wuce faɗin tsakanin idanun mai cinsa.

Masu kanti sukan ce yashin kalsiyam da suke sayarwa yana narkewa a ciki. Likitocin dabbobi da yawa ba su yarda ba, gama sun sha ganinsa a dunƙule cikin hoton ƙashi. Ƙarami da marar lafiya, takarda ko tayil ya fi musu aminci.

Idan maƙarƙashiya ce mai sauƙi, sai a fara gyara zafin akwati, a sa shi cikin ruwan ɗumi wanda bai wuce kafaɗarsa ba kamar minti 15, ana tsaye a kansa, a shafa cikin a hankali zuwa wajen wutsiya. Kada a yi masa ɗuren mai, domin yana iya sarƙewa ya shiga huhu. Kada kuma a ba shi maganin mutane. A wanke hannu bayan an taɓa shi, saboda ƙwayar cutar salmonela. In kwana biyu sun wuce ba sauƙi, ko ƙafafu suka soma mutuwa, sai likitan dabbobi, wanda wani lokaci sai ya yi fiɗa.

A Ingila dokar kula da dabbobi ta 2006 ta wajabta wa mai dabba ya ba ta mazauni da abincin da suka dace da halittarta. Ko ba doka ma, haƙƙi ne. Hausawa na yi wa damo kirari da sarkin haƙuri, to, danginsa ma haka suke: ba sa kuka, ba sa ƙara, sai dai a wayi gari a tarar da gawa. Wanda ya raba dabba da rana, wajibi ne ya biya ta da fitila. Wanda kuwa ba zai iya biyan kuɗin lantarkin ba, gara ya ba yaro haƙuri, ya bar ƙadangare a kanti.