Zafin Madafar Truman

Turawa na da wata magana da suke jefa wa mai kukan nauyi ya yi masa yawa: "If you can't stand the heat, get out of the kitchen." Wato in zafin murhu ya fi ƙarfinka, bar madafa. Zafin shi ne matsin lamba, madafar kuwa muƙamin da ka karɓa. Harry Truman, shugaban Amurka na 33, shi ya yayata ta har ta bi sunansa.

Shi kam ya ɗanɗana. Kwana 82 kacal ya yi yana mataimakin shugaban ƙasa, Shugaba Roosevelt ya rasu ranar 12 ga Afrilu 1945, mulki ya faɗo masa ana tsaka da yaƙin duniya na biyu. Sai da ya hau aka ba shi cikakken labarin bam ɗin nukiliya, wata huɗu bai cika ba aka jefa shi a Hiroshima da amincewarsa. A zaɓen 1948 an riga an yi masa jana'iza, har jaridar Chicago Tribune ta buga cewa abokin hamayyarsa Dewey ya kayar da shi tun ba a gama ƙirga ba, sai ga shi ya ci. A 1951 ya tsige Janar MacArthur ana cikin yaƙin Koriya, ƙasa ta yi masa ca.

Inda maganar ta ɓata shi ne a bakin masu aro. Truman da 'yan siyasa da masu riƙe da muƙami yake yi, mutanen da suka nemi kujera da ƙafarsu. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Yau sai ka ji maigida ya ɗora wa yaro aikin mutum uku, ya riƙe masa albashi, in ya yi ƙorafi a ce ga ƙofa nan. Wannan zalunci ne aka sa wa rigar Turanci. Maganar tana hawa kan wanda ya shigo don kansa, kuma yake da inda zai koma.

Truman kansa ya yi aiki da maganar. A Fabrairun 1952 ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna kashi 22 cikin ɗari ne suka gamsu da shi, a Maris kuma Sanata Kefauver ya kayar da shi a zaɓen fid da gwani na New Hampshire. Doka ba ta hana shi sake tsayawa ba, amma a ƙarshen Maris ya ce ya haƙura. A Janairun 1953 ya hau jirgin ƙasa ya koma garinsu, Independence, a jihar Missouri.