Ƙafar Baƙo da Rairayin Maya

Akwai wani kirari da masu sana'ar kai mutane yawon buɗe ido suke yi wa tsibiran ƙasashe masu zafi, wanda ya kamata ɗalibin harshe ya tsaya ya auna shi kafin ya haɗiye. Sukan ce wuri kaza ya shahara a duniya, sa'an nan a cikin numfashi guda su ƙara da cewa yana nan yadda Allah ya halicce shi, hannun ɗan Adam bai taɓa shi ba. To, ina aka taɓa haɗa waɗannan biyu? Shahara dai ba ta samuwa sai da baki da ƙafa: wani ya je ya gani, ya komo ya ba da labari, mutum goma su bi sawunsa, ɗari su bi sawun goman. Wurin da ƙafa dubu ke takawa kullum kuwa, ba a ce da shi hannu bai taɓa shi ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan kirari yaudara ne, kuma hukumar da ta tare hanya ta ƙayyade yawan baƙi, ko da ran baƙin ya ɓaci, ita ce a kan gaskiya. Babu wurin da ya fi dacewa a kafa hujja da shi kamar gaɓar Maya ta ƙasar Tailan.

Ita wannan gaɓa tana kan wani ɗan tsibiri ne da ake kira Fifi Le, a cikin tekun Andaman, a lardin Krabi, kimanin kilomita 45 daga babban tsibirin Fuket. Lungu ne da teku ta kutsa cikin tsibirin, duwatsu masu tsayin mita ɗari ko fiye sun kewaye shi ta fuska uku, sai ƙofa guda da ruwa ke shiga. A can ƙuryar lungun akwai farin rairayi mai laushi kamar garin alkama, wanda tsawonsa bai wuce mita 250 ba. Babu ƙauye a tsibirin. Mutanen da suka saba zuwa tun da can su ne masunta daga tsibirin Fifi Don da ke maƙwabtaka, waɗanda galibinsu Musulmi ne, da kuma masu hawa kogon duwatsu suna ɗebo sheƙar wata tsuntsuwa mai kama da tsattsewa, wadda Sinawa ke miya da ita. Tun shekarar 1983 aka sanya tsibirin cikin gandun da gwamnati ta keɓe domin kariya.

Abin da ya tona asirin wurin fim ne. A 1996 wani marubuci ɗan Ingila, Alex Garland, ya fitar da ƙagaggen labari mai suna The Beach, a shekarar 2000 kuma aka mai da shi fim, Leonardo DiCaprio ya fito a matsayin jarumi. Labarin wani saurayi matafiyi ne da ya sami taswirar wata ɓoyayyiyar gaɓa inda wasu 'yan tsirarun Turawa suka yi kaka-gida suna ɓoye sirrinta, shi kuwa ya kwafi taswirar ya ba wasu, daga nan zaman ya wargaje. Wato dai labarin kansa gargaɗi ne a kan abin da bakin mutum ke jawo wa wuri mai kyau. Amma masu kallo ba gargaɗin suka ɗauka ba, hoton ruwan da rairayin suka ɗauka.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne, su masu shirya fim ɗin da suka zo suka tarar da gaɓar yadda take, sai suka ga ba ta kai aljannar duniyar da suke so su nuna ba. Aka kawo injuna aka baje tudun rairayi domin filin ya ƙara faɗi, aka tumɓuke ciyayi da ƙananan itatuwan da saiwoyinsu ke riƙe da ƙasa, aka dasa itatuwan kwakwa wajen sittin, domin a tunanin mai kallo na Turai da Amurka tsibiri ba ya cika tsibiri sai da kwakwa. Har ƙofar lungun ma sai da aka toshe ta da dutsen ƙarya ta hanyar kwamfuta, don wurin ya zama kamar babu mashiga. Ashe ke nan abin da duniya ta gani ta ce halitta ce tsantsa, aikin magina ne. Hukumomin yankin da masu kishin muhalli sun kai ƙara tun a 1999, shari'ar kuwa ba ta ƙare ba sai a 2022, sa'ad da Kotun Ƙoli ta Tailan ta umarci hukumar gandun daji ta gyara wurin, ta kuma tabbatar da sulhun da aka yi cewa kamfanin fim ɗin zai biya bat miliyan goma. Shekara ashirin da 'yan kai ana jayayya a kan ɓarnar da aka yi cikin 'yan makonni.

Amma ɓarnar injin ba ta kama ƙafar ta baƙi ba. Kafin 2018 ana ƙiyasta cewa mutum wajen 5,000 ne ke sauka a wannan ɗan rairayi kowace rana, a cikin jiragen ruwa kimanin 200. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: mutum ashirin ke nan a kan kowace mita guda ta gaɓar, kullum, rani da damina. Wanda ya biya kuɗin jirgin sama daga wata uwa duniya domin ya kaɗaita da teku, sai ya tarar da abin da ya fi kama da kasuwar ƙauye ranar cinta, kowa yana neman inda zai tsaya ya ɗauki hoton da babu kowa a cikinsa.

Babbar asarar kuwa ba a kan rairayin take ba, tana ƙarƙashin ruwa, inda idon baƙo ba ya kaiwa. Bahaushe ya san murjani a wuyan mata, jan nan da asalinsa daga Bahar Rum ake kawo shi, saboda haka yakan ɗauke shi dutse ne. Haƙiƙa murjani halitta ce mai rai. Wasu ƙananan dabbobi ne masu taushin jiki ke zama jingim wuri guda, suna gina wa kansu gida na farar ƙasa, zuriya bayan zuriya, har ginin ya zama tudu a cikin teku. Wani irinsa ba ya ƙaruwa fiye da santimita guda a shekara. A cikin wannan tudu kifaye ke ɓuya suna hayayyafa, shi ne kuma ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. Har shi farin rairayin da ake yi wa kirari, da yawansa ɓarɓashin murjani ne, wanda igiyar ruwa ta niƙa, ko wani kifi mai baki kamar na aku ya gurgura ya fitar. Idan jirgi ya jefa anga ya ja, yakan karya ginin shekara hamsin a cikin ƙiftawar ido. Farfelar inji tana tayar da laka ta rufe murjanin ya kasa samun hasken rana. Mai iyo ya taka shi da ƙafa, man da ya shafa don tsoron ƙunar rana kuma ya narke cikin ruwa. Masanan teku na ƙasar, cikinsu har da Thon Thamrongnawasawat na Jami'ar Kasetsart wanda ya daɗe yana kiran a rufe wurin, sun nuna cewa mafi yawan murjanin lungun ya riga ya mutu.

Ranar 1 ga Yuni 2018 hukumar gandun ta rufe gaɓar Maya. Da farko wata huɗu aka ce, da wa'adin ya cika aka ga gyaran bai ko kankama ba, sai aka ci gaba da rufewa, annobar korona ta zo ta ƙara tsawaita hutun. Aka yi ta dasa rassan murjani da hannu. Cikin 'yan watanni sai ga wasu ƙananan kifayen shak masu baƙin tabo a bakin fiffike sun komo lungun garke-garke, suna haihuwa a ruwa marar zurfi inda dā injuna ke ruri. Ba wanda ya kamo su ya kawo. Shiru kawai suka samu. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa baƙin ne suka kore su.

Ba a rasa masu suka ba, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da maganarsu. Na farko su ne masu kwalekwale da masu masauki da masu sayar da abinci, waɗanda tukunyarsu ba ta tafasa sai baƙo ya sauka. Mutanen Fifi Don sun sha wuya ƙwarai a ambaliyar teku ta 26 ga Disamba 2004, wadda ta share musu gari ta kashe ɗaruruwan mutane, kuma da kuɗin baƙi suka sake miƙewa. Wanda ke zaune a ofis a Bankok yana sa hannu a takardar rufewa albashinsa na nan, matuƙin kwalekwale kuwa ranar da bai fita ba babu cefane. Irin wannan ya faru a ƙasar Filifin a wannan shekara ta 2018, inda Shugaba Rodrigo Duterte ya rufe tsibirin Borakai tsawon wata shida daga 26 ga Afrilu, saboda masaukai suna malalar da ƙazantar bayan gida cikin teku. Dubban ma'aikata suka wayi gari babu aikin yi, sanarwar kuwa ba ta ba su ko wata guda su shirya ba. Kukan waɗannan mutane gaskiya ne. Sai dai laifin yana wuyan hukumar da ta zuba ido shekara da shekaru tana karɓar kuɗin shiga har abu ya lalace, sa'an nan ta zo da rufewar gaggawa. Da an ƙayyade jirage tun a 2005, da ba a kai ga kulle ƙofa shekara uku da rabi ba. Shi ma matuƙin kwalekwalen, abin da yake sayarwa kyan wurin ne, ranar da kyan ya ƙare ciniki ya ƙare.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi. Ana cewa ai ba ƙafar baƙo kaɗai ke kashe murjani ba, ɗumamar ruwan teku ma tana kashe shi, kamar yadda aka gani a 2010 lokacin da murjanin tekun Andaman ya koɗe ya yi fari fat a wurare da dama, har inda baƙi ba sa zuwa. Haka ne. Amma wanda zazzaɓi ya kayar ba a ƙara masa da duka. Murjanin da ya koɗe yana iya farfaɗowa idan ruwa ya huce, muddin ba a bi shi da anga da laka ba. Zafin teku ya fi ƙarfin ma'aikacin gandu, yawan jirage kuwa yana hannunsa.

Suka ta uku ita ce tsoron kada ƙayyadewa ta mai da kyawawan wurare na masu hannu da shuni kaɗai. Wannan ya danganta ne da yadda aka yi ƙayyadewar. Inda aka bar kuɗi ya zama shi ne mai gadi, kamar tsibiran da ake miƙa wa babban masauki guda ya killace, lalle talaka ya yi ban kwana da gaɓar da kakanninsa suka yi su a cikinta, kuma wannan zalunci ne ko da murjani ya tsira. Tsarin da aka bi a Maya da aka sake buɗewa ranar 1 ga Janairu 2022 ya fi kusa da adalci, domin da ƙidaya da layi aka yi shi. Aka hana jirage shiga lungun, sai su tsaya a bayan tsibirin, baƙi su bi wata gada ta katako su ɓullo gaɓar da ƙafa. Aka ƙayyade mutum 375 a lokaci guda, kowane rukuni sa'a ɗaya. Aka hana iyo. Aka sa kuɗin shiga bat 400 ga baƙon waje, ɗan ƙasa kuwa bat 40. Aka kuma ɗauki al'adar sake rufe wurin a watannin Agusta da Satumba domin ya huta. Tun a 2021 ma ƙasar ta haramta shafa wasu nau'o'in man kariyar rana masu cutar da murjani a dukan gandayenta na teku.

Ba za a ce an gama gyara ba. Mutum 375 sau da dama a yini har yanzu dubbai ne, kuma jiragen da aka kora daga ƙofar gaba sun koma sun yi cincirindo a ƙofar baya, inda can ma akwai murjani. Akwai alamar cewa wani ɓangare na ɓarnar ƙaura kawai ya yi.

Saura shi baƙon. Abin lura game da mai zuwa irin waɗannan wurare shi ne, kowa yana ganin sauran mutane su ne taron, shi kuwa mai son halitta ne da aka dama wa lissafi. Yakan koma gida yana ƙorafin cewa wurin ya lalace, sa'an nan ya shiga neman wani tsibirin da ba a sani ba, idan ya samu ya ɗauki hotonsa ya watsa a intanet tare da suna da kwatancen hanya, daidai abin da saurayin cikin labarin ya yi da taswirarsa. A zamanin fim ɗin sai da aka yi shekaru kafin taron ya cika. Yau hoto guda kan yi wannan aiki cikin damina ɗaya. Ƙasar Palau, wadda tarin tsibirai ce a tekun Fasifik, ta gane wannan hali, shi ya sa tun Disamba 2017 take buga wani alkawari a cikin fasfon duk mai shigowa, ya sa hannu cewa zai kiyaye ƙasar saboda 'ya'yanta. Sa hannu ba ya hana mai taka murjani takawa, amma yana tuna masa cewa gidan wasu ya shigo.

Wanda Allah ya hore wa ya je Maya, ba a ce kada ya je ba, gani ya kori ji. Sai dai ya tafi da sanin cewa shi ma ɗaya ne daga cikin 375 ɗin, ya bi gadar katako, ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, idan ma'aikacin gandu ya busa usur ya fito ba tare da gardama ba, sa'arsa ta cika ya ba na bayansa wuri.