Ƙurar Hunturu da Hayaƙin Wutar Karatu

Kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu ta kan rufe ƙasar Karaye da Rogo da hazo, har mutumin Falgore ya tsaya a bakin gari ya kasa hango itatuwan gonarsa. Ƙurar nan baƙuwa ce. Mafi yawanta daga Kwarin Bodele ta ke tasowa, watau gurbin wani tsohon tafki da ya ƙafe a arewacin Chadi. A wannan lokaci ne masu ciwon fuka, wanda likitoci ke kira asma, su kan kwana zaune ƙirjinsu yana kuka.

Jama'a sun saba ɗora wa sanyi laifi. Sanyi yana da nasa, amma akwai wanda ya fi shi. A cikin ƙura da hayaƙi akwai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda sai an jera kamar guda 30 kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Gashin hanci ba ya tare su, sai su zarce har can ƙarshen huhu.

Asalin fuka kuwa, a wurin mutane da yawa, kuskure ne na dakarun da ke tsaron jiki. Su kan ɗauki abin da ba shi da cutarwa, kamar garin fure ko ƙurar ɗaki ko ƙaiƙayin hatsi, a kan abokin gaba, su yi ta yaƙarsa har hanyar numfashi ta kumbura, ta ƙuntata, ta cika da majina. To, mece ce alaƙar wannan da hayaƙi? Likitocin Japan ne suka nemi amsar a jikin ɓeraye. A 1986 suka gano cewa baƙin hayaƙin man dizal yana zuga jikin ɓera ya ƙara tsananta gabarsa da irin waɗannan abubuwa. A 1997 kuma wasu suka kasa ɓeraye kashi huɗu: kashi ɗaya ba a ba shi kome ba sai ruwa, ɗaya aka zuba masa wani sinadari na farin ƙwai a maƙogwaro, ɗaya baƙin hayaƙi, na huɗu aka gama masa duka biyun. Da aka duba huhunsu, waɗanda aka ba abu guda ɓarnarsu kaɗan ce, amma na huɗun hanyar numfashinsu ta cika da ƙwayoyin kumburi da masu fid da majina. Watau dai hayaƙi da abin da jiki ya ƙi, in sun gamu, ɓarnarsu ta fi jimillar ta kowannensu.

A 2005 aka gwada ƙurar hamadar Sin, aka ga ita ma tana ƙara kumburin. Daga baya da aka gasa ƙurar don a kashe ƙwayoyin cutar da ke manne da ita, sai ƙarfinta ya ragu. Ashe ba rairayin kaɗai ne abin tsoro ba, har da abin da ya goyo a hanya.

Mai karatu zai ce ɓera ba mutum ba ne, kuma gaskiyarsa. Amma a 1997, a birnin Los Angeles na Amurka, an sa wa mutane masu irin wannan lalura garin fure a hanci, an kuma sa musu shi gauraye da baƙin hayaƙin dizal, sai alamar borin jikin ta ninka sau 16. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fuka a 2019 da mutum miliyan 262, ta kuma ce 455,000 sun rasu ta dalilinta. A 2021 ta rage ma'aunin waɗannan ƙwayoyi da ta yarda da shi a cikin iska zuwa rabin na 2005.

Babu sarkin da zai hana hunturu busawa. Amma hayaƙin da a ke ɗora masa a kai, hannun mutane ne ke hura shi, kuma a nan ne maganar ta shafi malamai. Wutar kara da almajirai ke kewayewa da dare da asuba tsohuwar al'ada ce mai daraja, ta haskaka allunan alarammomi masu yawa. Sai dai kolo shi ne ke matsawa kusa da ita domin ɗari, yana ɗaga murya, yana jan numfashi da baki, a daidai watannin da iska ta riga ta cika da ƙura. Mafi muni shi ne in kara ya yi wuya a jefa leda ko tsohuwar taya. Malamin da ya san yadda a ke wanke baƙin tukunya a yi tawada ba ya bukatar a kwatanta masa abin da ke sauka a ƙirjin yaro.

Ba a ce a kashe wutar ba. A raba mata aiki ne: haske ya koma ga fitila mai aiki da hasken rana, wuta ta tsaya ga jin ɗumi, a hura ta yamma da masu karatu, tun da iskar daga gabas da arewa ta ke zuwa. Kada a kwana da garwashi a rufaffen zaure. Yaron da ke haki yana tari da dare ba ragwanci ke damunsa ba, a kai shi asibiti, a kuma nisanta shi da sussuka. Maganin shaƙa da likita ke bayarwa ba ya zama jaraba, kamar yadda wasu ke tsoro.

'Yan kasuwa kuwa, musamman masu awon hatsi da masu sayen amfanin gona a masussuka, su ne ke wuni cikin ƙaiƙayi da hayaƙin manyan motoci tare, watau ainihin gamin da aka yi wa kashi na huɗu. Rawani ko ƙyalle a hanci yana tare ƙaiƙayi, ba ya tare ƙananan ƙwayoyin, sai takunkumi irin na N95. Attajirin da ya saba aika wa makarantar allo buhun dawa in kaka ta yi, ya haɗa da fitila biyu ko uku kafin hazo ya sauko.